In aikin asibiti ya fara cin ka, ga abin da za ka yi tun kafin ya kai ka ƙasa

Wannan rubutun na ma'aikatan lafiya ne, nas-nas da ungozoma da likitoci da 'yan lab da 'yan famasi da atenda har masu shara a wod, duk wanda ya san yadda ake fitowa daga dutin dare ido ya yi ja a tsaya bakin titin Shika, inda asibitin koyarwa na ABU Zariya yake, ana jiran motar Samaru ko Kwangila. Mu ne kullum muke ce wa mutane su huta, su sha magani a kan lokaci, su daina sa damuwa a rai, amma in abin ya zo kanmu sai mu ce ai haka aikin ya gada a yi haƙuri kawai. Wanzami dai ba ya son jarfa. Haƙuri yana da kyau wallahi, amma akwai gajiyar da haƙuri ba ya maganinta, kuma tana da matakan da ake bi kamar kowane ciwo.

Kafin komai ka sani nauyin nan ba ragwantakarka ba ce ta jawo shi. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci sama da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya, nas-nas kuwa kowa a wod ɗinsa ya san su wa da wa suka tafi Ingila ko Saudiyya, kuma wanda ya tafi marasa lafiyarsa ba su bi shi ba, suna nan a layi, kai da ka rage kai za ka gan su. Ga Zariya ba mutanen Zariya kaɗai take ɗauka ba, daga Giwa da Funtuwa da Birnin Gwari har Zamfara ake turo mutane Shika, yawanci sai abu ya riga ya lalace.

Mataki na farko shi ne ka tantance wace irin gajiya ce a jikinka, don ba duka ɗaya ba ne. Akwai ta yau da kullum, wadda in ka samu of na kwana biyu ka yi barci ka ci tuwo mai zafi sai ka dawo garau. Wannan ba matsala. Akwai ta biyu wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka a kundinta na cututtuka, ICD-11, a 2019 a matsayin abin da matsin aiki ke haifarwa in ya daɗe ba a magance shi ba, kuma alamunta uku ne: ƙarfinka ya ƙare ko da ka huta, zuciyarka ta bushe da aikin har ka fara jin haushin marasa lafiya kana kiran mutum da lambar gadonsa, sannan ka fara ganin ba abin da kake tsinanawa. In ka lura mace tana kuka a kan ɗanta kai kuma abin da ke ranka kawai shi ne ta matsa ka wuce, alhali da ba haka kake ba, to ka tsaya ka duba kanka.

Ta uku ita ce ciwon damuwa, ita kuma ba a bakin get ɗin asibiti take tsayawa ba, har gida take bin ka. Sati biyu ko fiye kana cikin ƙunci kusan kullum, abin da kake jin daɗinsa da ya fita a ranka, ko hira a majalisa ko kallon ƙwallo ko wasa da yara, barci ya lalace, abinci ba ya shiga ko ya yi yawa, kana ganin kanka ba ka da amfani. Akwai fom ɗin da ake kira PHQ-9, kyauta yake a intanet, tambaya 9 ce kan sati biyun da suka wuce, kowace ana ba ta maki 0 zuwa 3, jimla 27. Ka zauna kai kaɗai ka cike shi tsakaninka da Allah. In ka samu 10 ko fiye lokacin ganin likita ya yi. Tambaya ta 9 kuwa, wadda ke magana kan tunanin gara mutuwa ko cutar da kai, in amsarka ba sifili ba ce kar ka tsaya lissafin sauran makin, ka tsallaka zuwa maganar ganin likita da ke ƙasa yau ɗin nan. Kuma a wannan matakin ka auna BP, ka duba suga da PCV, wato gwajin yawan jini, don ƙarancin jini da ciwon suga da matsalar maƙoƙo duk suna iya zuwa da kasala irin wannan, musamman mata masu shayarwa ko masu zubar jini da yawa a al'ada.

Mataki na biyu gajere ne amma shi zai yi maka amfani gaba. Ka samu ƙaramin littafi ko ka buɗe not a wayarka, tsawon sati biyu kana rubuta ƙarfe nawa ka shiga, ƙarfe nawa ka fita da gaske ba wanda ke rosta ba, marasa lafiya nawa ka riƙe, awa nawa ka yi barci, ka ci abinci a duti ko a'a. Layi ɗaya a rana ya isa. Ban da sunan mara lafiya.

Sai barci, kuma nan zan ɗan daɗe don shi ne abin da ya fi saurin gyaruwa kuma shi muka fi rainawa. Bincike ya nuna mutumin da ya kai awa 17 ido biyu hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya, to ka lissafa wanda ya shiga tun takwas na safe yana lissafin dos ɗin yaro ƙarfe huɗu na asuba. Ranar da za ka fara dutin dare, bayan Azahar ka kwanta awa ɗaya da rabi ko biyu, kar ka ce bari in je kasuwar Sabon Gari tukunna, kasuwa ba inda za ta. A cikin dutin in wod ya lafa ku yi karɓa-karɓa da abokin aikinka, minti 20 zuwa 30 kowa, da alam a waya, wannan ɗan rintsawar tana rage kuskure sosai. Shayi da Nescafé da goro da lemukan ƙara kuzari irin su Fearless ka sha su a farkon dare, don sinadarin da ke cikinsu yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, in ka sha ƙarfe biyar na asuba shi ne za ka koma gida ka kwanta jiki a mace ido a bushe.

In ka fito da safe kana jin ido na rufewa dan Allah kar ka hau babur ɗinka ko ka ja mota, hanyar Shika hanyar tirela ce, ka bar shi a asibiti ka shiga bas ko keke. Da ka isa gida ka ci abu mara nauyi, koko da ƙosai ya isa, ka watsa ruwa, ka toshe taga da bargo ko labule mai kauri, ka sa waya a sailan. A watan Maris da Afrilu da zafi ke tashi ga ba wuta, ɗaki ba ya kwantuwa bayan sha ɗaya, don haka ka kwanta da wuri tun da sauran sanyin safiya, in da hali ka ajiye fanka mai caji domin wannan kawai. Ranar da ka gama daren ƙarshe kar ka kwashe yini kana barci, awa huɗu ka tashi ka shiga rana ka yi harkokinka, bayan Isha ka kwanta, haka jiki ke komawa daidai. Abinci kuwa ka tafi da naka a kula, da gorar ruwa, don wanda ya dogara da in na samu lokaci zan fita in saya yawanci biskit da lemo yake ƙarewa a kai.

Yanzu ga wanda nake roƙonku a kai da babbar murya: kar ka rubuta wa kanka magani. Mu ne muka fi kowa kusa da kabad ɗin magani kuma mun san dos, shi ya sa muka fi kowa saurin faɗawa. Abin yana farawa ne da rabin diazepam ko Lexotan don in samu in yi barci yau kawai, ko tramadol saboda ciwon baya, ko pentazocine da ya rage a kwalba, kuma duk wanda ya daɗe a asibiti ya san labarin wani haziƙin ma'aikaci da allurar nan ta cinye masa hannu da ƙafa da aiki. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin saboda abin da ya yi wa matasanmu a Arewa, mu da muka ga wannan da idonmu bai kamata mu ɗauka mun fi ƙarfin abin ba. In ka riga ka fara, kar ka yanke diazepam ko Lexotan lokaci ɗaya in ka daɗe kana sha, yana iya kawo jijjiga, likita ne zai rage maka a hankali. Kuma kar ka tare abokinka a barandar wod ka ce rubuta min abu kaza, ka buɗe kati a duba ka kamar kowa.

Mataki na gaba na ranar da abu mara daɗi ya faru a hannunka ne. An kawo mace daga ƙauye ƙarfe biyu na dare tana zubar jini bayan haihuwa, zaninta ya jiƙe sharkaf, jijiya ta ɓuya an yi ta neman inda za a sa mata ƙarin ruwa, mijin ya fita neman wanda zai ba da jini, kafin ya dawo rai ya yi halinsa. Ungozomar ta rufe ta, ta cire safar hannu, ta wanke hannu, ta rubuta lokaci a folda, jaririn yana ta tsala kuka a gefe, sai aka ƙwala mata kira daga gado na gaba kan jariri ya fito. Ba wanda ya tambaye ta ya take, ita ma ba ta tambayi kanta ba. Irin wannan ne ke taruwa shekara da shekaru.

Abin yi a nan ba shi da tsada. Kafin a watse daga dutin, waɗanda abin ya faru a gabansu su tsaya minti goma, a faɗi abin da ya faru a jere, me aka yi daidai, me ya rasa, jini ne ko oksijin ko hannu, ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba, binciken laifi yana da nasa zaman daban. Babba a wurin ya buɗe baki ya ce sannunku, kun yi iya ƙoƙarinku, Allah ya jiƙanta. Wanda ba ya son magana kar a tilasta shi. Kwanakin farko in abin yana dawo maka a ido ko a mafarki, ko gabanka yana faɗuwa in ka zo wucewa ta gadon, wannan ba abin tsoro ba ne, yawanci yana lafawa. In ya wuce wata ɗaya bai ragu ba, ko ka fara neman hanyar guje wa irin wannan kes ɗin, to sai likita. Haka in dangin mara lafiya suka zage ka ko suka kai maka hannu, kar ka bar shi a Allah ya isa, ka rubuta rahoto a ranar da lokaci da shaidu, kwafi ɗaya ga incaj, wato shugaban wod, ɗaya ga ƙungiyarku, ka riƙe ɗaya.

To sai zuwa wurin oga, inda littafin nan naka zai yi aiki. Kar ka tare ta lokacin rawun, wato zagayen duba marasa lafiya, ko a gaban mutane, kuma kar ka je da kuka ko faɗa. Ka nemi minti biyar a ofis, ka gaisa yadda ya kamata, sannan ka ce wani abu kamar haka: “Ranki ya daɗe, na zo ne kan rosta. Cikin sati biyun nan ga darare da na yi, ga yawan gadajen da nake riƙewa ni kaɗai, kuma na fara tsoron kar in yi kuskure a magani. Ina roƙon a raba min dararen kar su zo a jere haka, kuma a sa min ranar da zan tafi hutuna na shekara.” Ka ga ba ka zargi kowa ba, ka kawo lamba, ka ambaci lafiyar mara lafiya wadda ita ma za a tambaye ta a kai, kuma ka roƙi abu takamaimai da za ta iya yi. Abu ɗaya ko biyu, ba goma ba. In an amsa da baki ka bi shi da 'yar takarda.

Ba kowane oga zai saurara ba, wani zai ce mu a zamaninmu mun yi fiye da haka. Anan ƙungiya ke shigowa, NANNM ga nas-nas da ungozoma, ARD da NMA ga likitoci, JOHESU ga sauran. A 2025 ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa, NARD, ta umarci 'ya'yanta su daina yin kol, wato dutin jiran kira, da ya wuce awa 24 a jere, kuma wannan ya nuna maganar tsawon duti abu ce da ake iya kaiwa teburi a matsayin haƙƙi. In ku biyar a wod ɗaya kuka kawo irin wannan lissafin, ya fi ƙarfin a ce wane ne rago. Hutun shekara kuma ka tafi shi, kar ka yi ta ɗagawa, kuma kar ka kwashe shi kaf a asibitin kuɗi.

Maganar asibitin kuɗi, na san albashi ba ya kai wata, ga kuɗin makaranta ga buhun masara ga kuɗin mota, ba zan ce kowa ya daina aikin gefe ba. Amma ka ɗauki biro ka cire kuɗin mota da abincin da kake saye a waje, ka ga nawa ke saura a hannunka, sannan ka sa doka ɗaya da ba ka karyawa: ba aikin gefe a ranar da ka fito daga dare, kuma rana ɗaya a sati babu asibiti ko wane iri.

Gida ma sai an yi magana. 'Yar uwa, in kin fito dutin dare kika tarar da wanke-wanke da girkin rana da baƙi suna jiran ki, ba za su san abin da kika kwana yi ba sai kin faɗa. Ki zauna da maigida lokacin da hankali ke kwance ki nuna masa rostar wata, a san ranakun da wani zai kai yara makaranta, a yi miya mai yawa tun kafin satin dare, yara su san in Umma ta rufe ƙofa har Azahar ba a bugawa. Sannan dukkanmu muna da matsalar zama likitan dangi da na unguwa, waya ba dare ba rana, a turo hoton sakamakon gwaji ta WhatsApp, a ce ga mu a get ka fito ka shigar da mu. Zumunci ne kuma akwai lada, amma ka ware masa lokaci, ka ce Kawu in na tashi bayan La'asar zan kira ka, in kuma abin gaggawa ne ku wuce imajansi kar ku jira ni.

Ganin likitan ƙwaƙwalwa shi ne inda yawancinmu ke cijewa, saboda tsoron a gan ka a layin asibitin da kake aiki gobe labari ya zaga. Tsoron yana da dalili, mun san halin bakinmu. Asibitin koyarwa na ABU a Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, za ka iya neman ganin babban likita kai tsaye ka gaya masa kai ma'aikaci ne kana son sirri. In hakan bai kwanta maka ba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, ranar of ɗinka za ka je ka dawo. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi sirrin mara lafiya kuma ta hana nuna masa bambanci saboda ciwon. Ka tafi da makin PHQ-9 ɗinka da littafinka, ka faɗi duk abin da kake sha ba ɓoye-ɓoye. Ba kowa ake ba magani ba, wani zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam ne zai yi masa. In an ba ka, irin su fluoxetine sukan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin ka ji canji sosai, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warware, kar ka ji sauƙi a wata na biyu ka ajiye.

Masu cewa ai rashin tawakkali ne ko ƙarancin ibada, ka bar su. Ka riƙe sallarka da azkar da addu'a, ko cocinka in kai Kirista ne, suna sanyaya zuciya kuma ba mai musun wannan, ka haɗa da magani kamar yadda kake gaya wa mai hawan jini ya yi.

Saura abokin aikinka, don sau da yawa kai za ka riga shi ganin alamar. Mai fara'a ya koma shiru, mai zuwa da wuri ya fara latti da fashi, kuskure ya yi yawa, kullum riga mai dogon hannu ko a zafi don ɓoye tabon allura, ko lissafin allurai ya daina cika a dutinsa. Kar ka kai shi gurup ɗin WhatsApp, kar ka yi gulmarsa a ɗakin canja kaya. Ka ja shi gefe ka ce ɗan uwa kwana biyu na ga ba ka yadda na san ka, me ke faruwa, sannan ka yi shiru ka saurara ba wa'azi. In ya furta irin su na gaji da rayuwa ko gara in huta gaba ɗaya, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kar ka yi masa alkawarin rufa asiri a kan wannan, kar ka bar shi shi kaɗai, ka karɓi makullin kabad ɗin magani daga hannunsa cikin mutunci, ka tambaya ko akwai magani ko fiya-fiya da ya ajiye a gida a sa wani ya ɗauke, ka kira mutum ɗaya da ya yarda da shi a danginsa, sannan ka raka shi da ƙafarka wurin likitan ƙwaƙwalwa da ke kol ko imajansi a ranar. Washegari ka kira shi, bayan sati ka sake kira, kuma in ya dawo aiki ka roƙi incaj a fara masa da dutin safe tukunna.